Yusuf Islam da faifan da ya taɓa juya wa baya

A watan Nuwamban 1970 ne wani matashi ɗan shekara 22 da ake kira Cat Stevens ya fitar da faifan waƙoƙi mai suna Tea for the Tillerman a birnin London. Waƙoƙi 11 ne a cikinsa, tsawonsu duka bai kai minti 40 ba, amma an sayar da fiye da kwafi miliyan 3 a Amurka kaɗai.

Fiye da shekara 50 ke nan, kuma har yanzu masu sha'awar kiɗan rock ba su daina muhawara a kan matsayin wannan faifai ba. Babu wanda ra'ayinsa ya fi sauyawa a kansa kamar mai shi, wanda duniya ta sani yanzu da sunan Yusuf Islam.

Mawaƙi da jitarsa

Kafin shekarun 1960, aikin waƙa a ƙasashen Yamma a rabe yake. Wani ne ke rubutawa, wani ya tsara kiɗa, sannan a nemo mai zaƙin murya ya rera. Zuwan su Bob Dylan da ƙungiyar Beatles ne ya sauya lamarin, har aka shiga zamanin da mawaƙi zai rubuta abin da ke damunsa, ya ɗauki jita ko ya zauna gaban fiyano ya rera da kansa. A 1971 kaɗai Carole King ta fitar da Tapestry, Joni Mitchell kuma ta fitar da Blue.

Ga Bahaushe dai wannan ba baƙon abu ba ne, domin haka marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi ta yi da kuntiginsa. Amma a wurin Turawa babban sauyi ne, saboda ya mai da faifai tamkar littafin tarihin mawaƙin.

Cat Stevens, wanda sunansa na yanka Steven Demetre Georgiou, ɗa ne ga wani Bagirke ɗan tsibirin Cyprus da wata 'yar ƙasar Sweden. Ya fara yin suna tun yana ɗan shekara 18 da waƙoƙin nishaɗi masu tarin kayan kiɗa. Daga nan tarin fuka ya kwantar da shi tsawon watanni. Da ya tashi sai ya rage kayan kiɗan, ya koma waƙoƙi masu natsuwa da tambayoyi a kan rayuwa da mutuwa.

Wannan ne ruhin Tea for the Tillerman. Waƙar farko tana tambaya ne a kan inda yara za su yi wasa idan gine-gine da tituna suka cinye ƙasa. Wata kuma, On the Road to Find Out, labarin mutum ne da ya bar gida don neman gaskiya. Amma wadda ta fi zama a zukatan jama'a ita ce Father and Son, inda shi kaɗai ya rera muryoyi biyu: ta uba a ƙasa-ƙasa yana ba ɗansa haƙuri, da ta ɗa a sama yana cewa lokacin tafiyarsa ya yi.

Ba kowa ne ya yaba ba. Robert Christgau, fitaccen mai sharhin waƙoƙi na jaridar Village Voice ta New York, ya koka cewa waƙoƙin salo guda suke bi, har suna gundurar mai saurare. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan suka, musamman a tsakiyar faifan. Sai dai wanda ya saurare shi daga farko zuwa ƙarshe zai ji cewa wannan sanyin ne ya sa bai tsufa ba, alhali da yawa daga cikin faya-fayan zamaninsa masu hayaniya an manta da su.

Ajiye jita

A tsakiyar shekarun 1970 igiyar ruwa ta kusa halaka mawaƙin yayin da yake iyo a gaɓar tekun Malibu da ke jihar California. Ya sha bayyana cewa a lokacin ne ya roƙi Allah ya tsirar da shi, tare da alkawarin zai yi masa hidima. Daga bisani yayansa David ya kawo masa tsarabar fassarar Alƙur'ani daga birnin Ƙudus.

Ya karɓi Musulunci a watan Disamban 1977, ya ɗauki sunan Yusuf Islam a 1978, kuma a 1979 ya yi gwanjon kayan kiɗansa aka ba da kuɗin sadaka. Ya ce da ya ga malamai sun saɓa a kan hukuncin kayan kiɗa, sai ya zaɓi ya nisanci abin da yake shakka a kai. Ya mai da hankali ga ilimi, inda ya kafa makarantar firamare ta Islamia a London a 1983, wadda a 1998 ta shiga sahun makarantun Musulmi na farko da gwamnatin Birtaniya ta fara ɗaukar nauyinsu.

A 1989 tsofaffin faya-fayan suka shiga wani hali. Wasu kalamai da ya yi kan fatawar Ayatullah Khomeini game da marubuci Salman Rushdie sun sa aka zarge shi da goyon bayan hukuncin kisan, zargin da ya sha musantawa. Gidajen rediyo da dama a Amurka suka daina sa waƙoƙinsa, ƙungiyar mawaƙa ta 10,000 Maniacs kuma ta cire waƙarsa Peace Train da ta rera daga faifanta. Ke nan waƙoƙin sun rasa gata ta fuska biyu: mai su ya ajiye su, wasu tsofaffin masoyansu kuma sun yi fushi da su.

Komawa

Shekara 28 aka yi tsakanin faifansa na ƙarshe da sunan Cat Stevens, wato Back to Earth na 1978, da An Other Cup na 2006. A tsakani ya fitar da waƙoƙin addini da murya da ganguna kawai, ciki har da A is for Allah na yara.

A cewarsa, ɗansa ne ya shigo da jita gida, shi kuma wata rana ya ɗauka ya taɓa. Ya kuma ce nazarin da ya yi ya nuna masa cewa mas'alar na da faɗi fiye da yadda ya ɗauka yana sabon musulunta, yana mai kafa hujja da rawar da Musulmin Andalus suka taka wajen shigar da kayan kiɗa masu tsirkiya Turai. Wannan mataki bai yi wa wasu Musulmi daɗi ba, lamarin da ya sa a 2014 ya wallafa wani ɗan littafi don kare matsayinsa. A shekarar ce kuma aka shigar da sunansa zauren karrama gwarazan kiɗan rock na Amurka.

Su ma masu sharhi ra'ayinsu ba ya zama wuri guda. A jerin faya-fayai 500 mafiya inganci da mujallar Rolling Stone ta fitar a 2003, faifan Sgt. Pepper na Beatles ne na ɗaya, Blue kuma na 30. Da aka sake jerin a 2020 sai Blue ya hau na 3, Sgt. Pepper ya sauko na 24. Shi kuwa Tea for the Tillerman yana cikin jerin a duka lokutan biyu, nesa kaɗan da na 200.

A watan Satumban 2020 Yusuf Islam ya fitar da faifan bayan ya sake rera shi baki ɗaya don cikarsa shekara 50. Yawancin sababbin waƙoƙin ba su kai na asali armashi ba, in ban da Father and Son. A nan an ɗauko muryarsa da aka naɗa a wani wasa a 1970 ta tsaya a matsayin ɗan, shi kuma da muryarsa ta dattijo ya rera ɓangaren uban.