Aikin Mai Kula da Ɗakin Karatu a Ƙasar Haɗejiya

Sa'ad da En'e-En'e suka buɗe ɗakunan karatu a Arewa, zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, galibin aikin mai kula da su tsaro ne: ya jera littattafai, ya ajiye Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya kulle ƙofa. Da aka soma Yaƙi da Jahilci, aka kafa NORLA a 1954, sai aikin ya sake, domin wanda ya koyi boko da girma, in bai sami abin karantawa ba, karatun zubewa yake yi. A fadamun Haɗejiya abin ya fi wuya, gama ruwa kan yanke ƙauyuka da damina. Tilas a bi masunci da manomi da littafi tun hanya ba ta yanke ba.