Ba Kowane Ciwon Mara Ne Sanyi Ba

A watan Oktoban 2023, kafin ma'aikatan lafiya su kai ga makarantu da unguwannin Kano da allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV, wata tambaya ta riga su shiga gidaje: "Ba za ta hana yaran haihuwa ba?" Kano na cikin jihohin da aka fara shirin da su, wanda ya sa gaba 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kimanin miliyan 7.7 a faɗin Najeriya.

Mai wannan tambaya yana da hujjarsa. A asibitin cututtuka masu yaɗuwa (IDH) da ke titin France Road, cikin ƙaramar hukumar Fagge, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Yara 200 gwajin ya shafa, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2003 jihar ta dakatar da rigakafin shan inna, nan ma batun haihuwa ne. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Sai dai kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai sa ido kan ingancin alluran rigakafi ya bi diddigin wannan zargi a kan allurar HPV, bai samu shaidar tana taɓa haihuwa ba. Cutar da ake yi wa rigakafin ce ke raba mace da mahaifarta.

HPV dangi ce mai nau'i sama da 200. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, namiji da mace, galibi ba tare da wata alama ba, kuma a wajen tara cikin goma jiki ne ke kore ta da kansa cikin shekara biyu. Shi ya sa samunta ba shaidar lalata ba ce. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka, shi kuwa wataƙila daga auren baya ya taho da ita bai sani ba. Matsalar ita ce waɗanda ke maƙalewa. Nau'i na 16 da na 18, waɗanda Bajamushe Harald zur Hausen ya gano har ya samu kyautar Nobel a 2008, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Abin kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 yana ci a ɓoye. A 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu da wannan sankara a Najeriya, 8,000 suka mutu. Wadda ta zo a makare, ko dai a cire mahaifar ko a yi mata gashi, shi ke nan an rufe zancen ciki. Ko wadda aka gano da wuri aka yanke gefen bakin mahaifar, haɗarin haihuwar bakwaini yana ɗan ƙaruwa a gare ta.

Wata cutar da ke taɓa haihuwa ita ce endometiriyosis, ita kuwa ba ta ɓoye kanta, mutane ne ke kau da kai. Wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ne ke tsirowa a inda bai kamata ba: jikin ma'ajiyar ƙwai, bututun da ƙwai ke bi, wani lokaci har hanji da mafitsara. Duk wata, in al'ada ta zo, shi ma sai ya kumbura ya zubar da jini, jinin da ba shi da hanyar fita. Daga nan sai kumburi da tabo, gaɓoɓi su manne da juna, bututu ya toshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa na da ita, kimanin miliyan 190. An daɗe ana cewa ba ta cika kama baƙar fata ba, amma wani bincike na Asibitin Koyarwa na Ibadan da aka wallafa a 2015 ya same ta a jikin kashi 48 cikin 100 na matan da aka leƙa cikinsu da kyamara. Ashe dai ba a duba ne.

Hanyar da mai wannan lalura ke bi sananniya ce. Yarinya tana murƙususu duk wata, tana amai, tana fashin makaranta, uwa ta ce, "Yi haƙuri, in kin yi aure zai daina." A aika kemis a sayo maganin kashe zafi. Kafin a mayar da dillalan magani Dangwauro a 2024, Sabon Gari ce cibiyar wannan ciniki, kuma a lokacin ba wuya a samu abin da aka nema ba tare da takardar likita ba. In na bature ya gaza, ga masu lasifika a bakin kasuwa da jarkokin maganin sanyi. Aure ya zo, ciwon bai daina ba, sai ma zafi a lokacin saduwa da kunya ke hana ta faɗa. Shekara biyu, uku, babu ko ɓatan wata. Dangin miji su fara habaici, wata ta kawo zancen jinnul ashiƙ, wata ta ce sammu ne. Duk tsawon wannan lokaci tabon yana ƙaruwa.

To shin cututtukan biyu suna da alaƙa? Masana sun daɗe suna wannan tambaya. A 2010 wasu likitoci a Jamus sun ba da rahoton samun HPV mai haɗari a cikin naman endometiriyosis. A wannan shekarar kuma takwarorinsu na Danmak suka duba, ba su samu abin a zo a gani ba. Bincike a Iran a 2017 da wani a Burazil a 2019 sun karkata ga cewa akwai alaƙa. Masu wannan ra'ayi kan jingina da bayanin da likitan Amurka John Sampson ya yi tun 1927, cewa wani kaso na jinin al'ada yana komawa ciki ta bututu maimakon ya fito, don haka yana iya tafiya da ƙwayar cutar sama. Wasu kuma na ganin akasin haka: kumburi da rikicewar garkuwar jiki da ke tare da endometiriyosis ne ke ba ƙwayar damar zama. Binciken duk ƙanana ne, sakamakonsu kuma bai haɗu ba. Duk wanda ya tsaya ya ce HPV ce ke kawo endometiriyosis ya wuce gona da iri, haka ma mai cewa allurar tana maganin ciwon mara.

Inda bincike ya fi ba da mamaki shi ne ɓangaren maigida. Carlo Foresta da Andrea Garolla na Jami'ar Padua a Italiya sun nuna cewa HPV tana manne wa kan ƙwayar maniyyi, kuma mazan da ke ɗauke da ita a maniyyinsu ƙwayoyinsu kan rage kuzarin tafiya. Ko ba HPV ma, likitoci na ƙiyasta cewa namiji na da hannu a kusan rabin matsalolin rashin haihuwa. Amma a layin likitan mata, Hajiya ce ke zaune ita kaɗai da katinta, Alhaji yana shago a Kantin Kwari, alhali gwajinsa ya fi nata sauƙi da arha nesa ba kusa ba.

Ma'auratan da suka shekara babu ciki, ko wata shida in matar ta haura 35, lokacin ganin likita ya yi, su biyun. Hoton ciki yana iya nuna ƙullutun tsohon jini a ma'ajiyar ƙwai, amma fitowarsa fes ba ta kore endometiriyosis, don ƙananan tabo sai an leƙa da kyamara ake ganinsu, aikin manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano. Magungunan da ke kwantar da ciwon galibi suna tsayar da ƙwai ne, ba a ɗaukar ciki muddin ana shansu, don haka mai neman haihuwa ta faɗa wa likita tun a zaman farko, ya duba ko tiyata ce ta dace ko dashen ƙwai. Gwajin bakin mahaifa kuwa daga shekara 30 ake so a fara, ko 25 ga mai ɗauke da HIV, kuma akwai wanda ake yi da ruwan khal a cikin 'yan mintoci, a faɗa wa mace sakamakonta kafin ta bar ɗakin.