Haikalin Ezekiyel da kalmomin gini na Hausa

Surori na 40 zuwa 42 na littafin Ezekiyel suna cikin nassoshin da suka fi wuyar juyawa zuwa Hausa. Annabin ya ga wahayin haikalin yana zaman bauta a Babila, wajen shekara ta 573 kafin haihuwar Annabi Isa. Wuyar tana waje biyu: awo da sunayen sassan gini.

1. Awo

Sandar awon kamu 6 ce, amma kowane kamu an ƙara masa faɗin tafin hannu, watau kimanin santimita 52. Lissafin ginin ninki ne: ginin ƙofa kamu 50 ne tsawo, 25 faɗi, farfajiyar ciki 100 ce kowane gefe, harabar duka 500. In aka mai da su mita, ninkin ya ɓace wa mai karatu. Hausa kuwa tana da kamu, taƙi da gaba, waɗanda, kamar na Ibraniyanci, daga jikin mutum aka ɗauko su. Saboda haka kamu ya fi cancanta.

2. Sassan gini

Abin da ake kira "ƙofa" a nan gini ne sukutum, mai hanya a tsakiya da ɗaki 3 kowane gefe. Zaure ya fi kusa da shi. Nassin ba ya cika faɗin tsayi. Tafiya yake bi daga waje zuwa ciki, matakala 7 sa'an nan 8, tsarki yana ƙaruwa. Wanda ya san shiga gidan birni daga zaure zuwa shigifa har cikin gida zai gane tsarin.

Kalmar haikali, wadda Hausa ta aro daga Larabci, tana da tarko. Ƙanwarta ta Ibraniyanci, hekal, a sura ta 41 tana nufin ɗaki guda mai kamu 40 da 20, gaban wuri mafi tsarki. A Hausa kuwa tana nufin ginin duka.

3. Abin da ya kamata a yi

Kalmomin Kano ba lalle su zama na Adar ba, kuma Adar ba ta rasa magina: Falke Barmu ya soma masallacin Yama a 1962, ginin ya sami kyautar Aga Khan a 1986. Ya kamata a tattara kalmomin magina na Yama, Tawa da Bambeye, a gwada su ga ɗaliban yaƙi da jahilci kafin a sa su cikin littattafai. Ma'aunin gwajin shi ne ɗalibi ya iya zana fasalin ginin a ƙasa bayan karatu.