Kalmar Sirri a Shagon Intanet: Abin da Ke Gaskiya da Abin da Ba Gaskiya Ba

Idan sakamakon JAMB ya fito, ka leƙa shagon intanet a Gaya, za ka tarar da ɗalibai, wasu daga Ajingi, sun yi layi a bayan kwamfuta ɗaya. Wannan na buga takardar sakamako, wancan na cike fom ɗin jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil. A layin ne maganganu ke yawo kan kalmar sirri.

Wai shafi na ƙin karɓar 1234 ne don mai shago ya ci ƙarin kuɗi. Ba gaskiya ba ne. A 2009 aka kutsa cikin kamfanin RockYou na Amurka, aka kwashe kalmomin sirri sama da miliyan 32, wadda ta fi yawa a cikinsu ita ce 123456. Ɓarayi da irin waɗannan suke fara gwaji. Shafin da ya ƙi karɓar gajeriyar lamba, kai yake karewa.

Wai sai ka riƙa sauya kalmar sirri duk wata. Wannan tsohuwar shawara ce. Hukumar NIST ta Amurka ta daina ba da ita a 2017, saboda yawan sauyi na sa mutum ya ƙara lamba ɗaya kawai a ƙarshe. Tsawo ya fi muhimmanci: haɗa kalmomi huɗu da babu abin da ya haɗa su, kamar tulu, rake, jirgi da kilishi. Kada dai ka ɗauki waɗannan, zaɓi naka.

Wai idan da Hausa ka rubuta, ɓarawo ba zai gane ba. Rabin gaskiya ne. Wanda ke can wata ƙasa zai iya shan wahala, amma wanda ke tsaye a bayanka ya san sunan garinku, ya san shekarar haihuwarka.

Maganar da ke gaskiya, wadda kuma aka fi raina ta, ita ce kwamfutar shago na iya riƙe kalmarka. Burauza kan tambaya ko ta adana ta, yaro ya danna amincewa bai karanta ba. Akwai kuma manhajar da ke naɗe duk harafin da aka buga. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ɗalibi ke ce wa mai shago, “Yaya, buɗe mini imel ɗin kawai.” A rubuta kalmar a gefen takarda, a bar kwafi a littafin shago. Ta wannan imel ɗin ake sake saita kalmar sirrin sauran shafuka, har da na neman gurbin karatu.

Iyaye da malamai a Gaya da Ajingi, ku ja kunnen yaranku: su buga kalmar da hannunsu, su ƙi yarda a adana ta, su fita daga asusun kafin su tashi, sannan su sauya ta a wayarsu idan sun koma gida.