Kunama da ƙofofin jijiya

A gabashin ƙasar Sudan, kusa da iyakar Habasha, akwai wani yanki da ake kira Fashaga, cikin jihar Gadarif. Ƙasar wurin baƙa ce mai laka, ga albarka. Kogin Atbara da kogin Satit suna shayar da ita. Ana noman riɗi da dawa ƙwarai. A jihar Gadarif akwai Hausawa da yawa. Kakanninsu sun taso daga ƙasar Hausa za su aikin hajji a ƙasa, sai waɗansu suka yada zango, suka zauna.

In kaka ta yi, manoma sukan yanke riɗi, su ɗaure shi dami-dami, su jingine ya bushe. Ƙarƙashin irin waɗannan dammuna kunama ke son fakewa. Yaro ya kai hannu zai ɗaga dami, sai ya ji zau! Kafin ya buɗe baki ya yi kuka, ya riga ya fizge hannunsa. Dafin da ya shiga bai kai ɗigon ruwa ba, amma zafi har kafaɗa. Me ya kawo haka?

Saƙo cikin jijiya

Jijiyoyi iri biyu ne a jikin mutum. Akwai masu ɗaukar jini, akwai masu ɗaukar saƙo. Masu ɗaukar saƙo farare ne, sirara kamar zare. Su ke haɗa ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Da jijiyar da ƙwaƙwalwar, duk da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina su, waɗanda ido ba ya gani. A ƙwaƙwalwa kaɗai akwai wajen miliyan dubu 86 masu aika saƙo.

Saƙon nan ƴar wutar lantarki ce. A waɗansu jijiyoyi tana gudun mita 100 cikin daƙiƙa ɗaya. To, ina jiki ya samo lantarki?

Kowace ƙwayar jijiya kamar birni ce mai ganuwa. Ciki ruwa, waje ruwa. A cikin ruwan akwai ƴan mitsi-mitsin abubuwa masu ɗauke da lantarki, ana kiransu iyon. Biyu daga cikinsu sun fi muhimmanci. Na farko sodiyum, wanda ke cikin gishiri da kanwa. Na biyu potasiyum, wanda ke cikin toka da wake da ayaba. Sodiyum ya fi yawa a bayan ganuwa, potasiyum kuwa a cikin birni.

Ganuwar tana da ƙofofi, kowa da tasa. In ƙaya ta soki ƙafa, sai ƙofar sodiyum ta buɗe, ya kwarara ciki. Nan da nan ta rufe. Sai ta potasiyum ta buɗe, shi kuma ya fita, birni ya koma yadda yake. Buɗewar ƙofa ɗaya ita ke tayar da ta kusa da ita, kamar yadda wuta ke bin busasshiyar ciyawa. Haka saƙo ke tafiya har ya isa ƙwaƙwalwa. Turawan Ingila biyu, Hodgkin da Huxley, su suka bayyana wannan a shekarar 1952. Amma ba su ga ƙofofin ba, aikinsu kawai suka auna.

Abin da dafi ke yi

Dafin kunama ya san waɗannan ƙofofi. Wani sashensa yana riƙe ƙofar sodiyum, ya hana ta rufewa da wuri. Wani sashen yana toshe ƙofar potasiyum, kamar yadda ake toshe bakin gora. Sai jijiya ta riƙa aika saƙo babu tsayawa. Shi ne zafin da ake ji. In dafin ya bazu, sai gumi da dalalar miyau da amai, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Ɗan hakin da aka raina, shi ke tsone ido.

Likitan da ya nemi taimakon kunama

A ƙasar Amurka akwai wani likita mai suna Roderick MacKinnon, an haife shi a 1956. A 1986 ya bar duba marasa lafiya, ya shiga bincike a jami'ar Brandeis. Abin da ke damunsa shi ne: yaya kamannin ƙofar potasiyum yake? Ƙofar ta yi ƙanƙanta, ko da madubin likita ba a ganin ta.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. MacKinnon ya yi aiki da dafin wata kunama rawaya ta ƙasashen hamada, wadda danginta ke nan a Sudan da Masar da Nijar. Tun da dafin bakin ƙofa yake toshewa, duk inda ya manne, nan ne bakin. Sai ya riƙa canja ƙofar kaɗan-kaɗan, yana duba ko dafin zai manne. In bai manne ba, ya san ya taɓa baki ke nan. Kamar makaho da sandarsa, ya yi ta lalube shekara da shekaru. A 1991 ya nuna cewa sassa huɗu ne suka haɗu suka yi ƙofar, rami na tsakiyarsu.

Duk da haka yana son ya gan ta. A jami'ar Rockefeller ta birnin New York, shi da abokan aikinsa suka tara irin wannan ƙofa daga wata ƙwayar bakteriya, suka daskarar da ita kamar ƙwayar gishiri, suka haska ta da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi. A 1998 siffarta ta fito.

Hoton ya warware wani tsohon kacici-kacici. Sodiyum ya fi potasiyum ƙanƙanta, amma ƙofar tana barin babban ya wuce, ta hana ƙaramin. Ashe kowane iyon yana sanye da rigar ruwa, kuma sai ya tuɓe ta zai wuce. An yi wuyan ƙofar daidai jikin potasiyum. Da ya tuɓe, sai bangon ya rungume shi ta ko'ina, ya wuce sumul. Sodiyum kuwa wurin ya yi masa yawa, bai sami abin riƙewa ba, don haka ba ya rabuwa da rigarsa. Potasiyum wajen miliyan 100 na iya bin ƙofa ɗaya cikin daƙiƙa guda. Saboda wannan aiki aka ba MacKinnon kyautar Nobel a 2003.

Amfanin wannan sani

Allurar kashe zafi da ake yi kafin a cire haƙori, ƙofar sodiyum take rufewa, saƙon zafi ya rasa hanya. Waɗansu irin farfaɗiya ma daga ƙofofin ƙwaƙwalwa suke, in suna buɗewa ba bisa ƙa'ida ba. Ba a ɗaukar farfaɗiya wajen mai ita, kuma akwai magungunan da ke lafar da ƙofofin.

Harbin kunama ya fi haɗari ga ƙaramin yaro, don jikinsa kaɗan ne, dafi na gama shi da wuri. In ta harbi yaro, kada a tsaga wurin, kada a jira gari ya waye. A wanke da ruwa da sabulu, a kai shi gidan likita maza-maza. Mai shiga gona kuma ya kakkaɓe takalminsa kafin ya sa, ya juya dami da sanda kafin ya kai hannu.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Fashaga take? Me ake nomawa a can?
2. Waɗanne iyon biyu ne ke bin ƙofofin jijiya?
3. Me dafin kunama ke yi wa ƙofofin?
4. Don me aka ce da ɗan gari akan ci gari a wannan darasi?
5. Me ya kamata a yi in kunama ta harbi yaro?