Sabon Rumbu a Tsohuwar Kwamfuta: Me Ke Hana Windows Hawa?

A Kalgo, mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, da wuya ɗalibi ya kammala furojet ba tare da kwamfutar tafi-da-gidanka ba. Da dama daga cikin kwamfutocin nan 'yan gwanjo ne, HP ko Dell ko Lenovo da suka sha aiki kafin su iso Najeriya. Rumbun ajiyarsu mai faifai yakan gaji, ya fara ƙas-ƙas, sai a sauya shi da SSD, wanda ya fi sauri.

Bayan an sauya, ana kunnawa sai baƙin allo ya ce bai ga abin da zai tashi da shi ba, mai ita kuwa ya ɗauka jabu aka sayar masa. Sau da yawa rumbun lafiyarsa lau. Fanko yake zuwa, sai an ɗora masa Windows daga filashi mai aƙalla gig 8.

A fara da leƙa BIOS: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. In sunan rumbun bai fito ba, a kwance murfin a sake zaunar da shi, don sau tari bakinsa ne bai shige sosai ba. In ya fito, matsalar ta koma kan filashi. Manhajar Rufus da ake haɗa shi da ita tana ba da zaɓi biyu, MBR da GPT. Kwamfutocin da aka ƙera kafin 2012 galibi tsohon tsarin Legacy gare su, MBR suke karɓa. Masu UEFI kuwa GPT. In aka saɓa, ko dai filashin ya ƙi tashi, ko Windows ta ce ba za ta sauka a rumbun ba. A kuma tabbatar SATA tana kan AHCI, sannan batir ya cika, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya mayar da hannun agogo baya.

Wace manhaja za a ɗora? Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma sai da TPM 2.0, abin da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Linux Mint kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma tana zuwa da LibreOffice na rubutu.

Wanda ke nesa da gari ya sauke direban Wi-Fi na kwamfutarsa a filashi tun kafin ya fara, don kada ƙaramin abu ya sa shi kashe kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi. Tsohon rumbun kuma kada a bar wa mai gyara. A sa shi a akwatin USB a kwashe furojet da hotuna, a goge shi tas, sannan a rabu da shi.