Fyaɗe: Aikin masanin halayyar ɗan Adam tsakanin asibiti, caji ofis da kotu

Jalingo – Idan aka yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe a wata unguwa a nan Jalingo, kafin maganar ta kai gaban alƙali an riga an tambaye ta sau da dama. Uwa ta tambaya cikin kuka, uba cikin tsawa, sai mai unguwa, sai ɗan sanda, sai ma'aikaciyar jinya. Wani ma yakan ambaci sunan wanda yake zargi, ya ce, "Shi ne ko?" Ranar da za ta tsaya a kotu labarin ya dagule, lauyan wanda ake tuhuma kuwa saɓani ɗaya ya ishe shi ya rusa ƙarar.

Hana irin wannan ɓarna yana daga cikin ayyukan masanin halayyar ɗan Adam mai aiki da kotu. Ya bambanta da likitan ƙwaƙwalwa, wanda ke rubuta magani. Shi iliminsa ya shafi yadda mutum ke tunani, da yadda yake tuna abin da ya faru, da abin da ke ingiza shi ga aikata laifi, kuma yana amfani da wannan ilimi ne domin taimaka wa shari'a.

Doka ta samu, saura masu aiki da ita

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar haramta cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP. Dokar ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai fyaɗe, ta amince cewa maza ma ana yi musu, ta kuma umarci a buɗe rajistar waɗanda aka samu da laifin, wadda aka ƙaddamar a 2019 ƙarƙashin kulawar hukumar NAPTIP. Taraba ta bi sahun jihohin da suka karɓi dokar a zamanin Gwamna Darius Ishaku.

Sai dai hukunci ba ya tabbata sai da hujja. Sashe na 209 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce yaron da bai kai shekara 14 ba yana ba da shaida ne ba tare da rantsuwa ba, kuma ba a ɗaure mutum da wannan shaida kaɗai sai an sami wata hujja da ta ƙarfafa ta. Sashe na 68 kuma ya bai wa kotu damar sauraron ra'ayin ƙwararre. Ta wannan ƙofa masanin ke shiga.

Yadda ake tambayar yaro

Amurka ta koyi darasin nan da tsada. A shari'ar makarantar renon yara ta McMartin a jihar Kaliforniya, wadda aka fara bincikenta a 1983 aka rufe a 1990 ba a ɗaure kowa ba, an gano cewa masu tambaya sun riƙa sa wa yara magana a baki. Daga baya Michael Lamb da abokan aikinsa suka tsara ƙa'idojin ganawa da yara, waɗanda ƙasashe da dama ke bi a yau.

Ana fara ganawar ne da hirar da ba ta shafi laifin ba, har yaron ya saki jiki. Ana shaida masa cewa yana da damar cewa bai sani ba. Sannan a ce, "Gaya mini duk abin da ya faru, daga farko har ƙarshe," a kuma bar shi ya yi magana da bakinsa. Ba a ambata masa suna, ba a yi masa alƙawarin kyauta, ana kuma naɗar ganawar domin kada a yi ta maimaita ta. Wannan tsari yana kare yaron, yana kuma kare wanda aka yi wa ƙazafi.

A jiha mai ɗimbin harsuna kamar Taraba akwai ƙarin wahala. Yarinya za ta yi bayani da Mumuye ko Fulatanci, a juya shi zuwa Hausa, ɗan sanda ya rubuta da Ingilishi. Kalmar kunya da yara ke amfani da ita wajen ambaton al'aura takan ɓace a hanya, ko tafinta ya gyara ta don ganin ta yi nauyi. Masanin da ke jin harshen yaron ya fi kusa da gaskiyar maganarsa.

A gaban kotu, shi ne ke bayyana cewa jinkirin faɗa, ko sandarewa saboda tsoro ba tare da ihu ba, abu ne sananne ga waɗanda aka ci zarafinsu, don haka ba ya nuna ƙarya ko amincewa.

Daga hukunci zuwa rigakafi

Ɓangare na biyu na aikin yana tare da masu laifin ne. Karl Hanson, wanda ya shafe sama da shekara 20 yana bincike a ma'aikatar tsaron jama'a ta Kanada, ya haɗa kai da David Thornton na Birtaniya suka fitar da ma'aunin Static-99 a 1999. Ma'aunin yana duba abubuwa goma, ciki har da shekarun mai laifin, da laifuffukansa na baya, da dangantakarsa da wanda ya cuta, domin ƙiyasta yiwuwar ya sake. Da yake an gina shi ne kan masu laifin waɗancan ƙasashe, sai an gwada dacewarsa da yanayin Najeriya kafin a dogara da shi.

A 1984 masanin zamantakewa David Finkelhor ya bayyana cewa sai abubuwa huɗu sun haɗu kafin a lalata yaro: mugun nufi, da danne muryar zuciya mai hani, da samun keɓewa da yaron, da karya turjiyarsa ta hanyar kyauta ko barazana. Na ukun nan yana hannun al'umma, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Talla har dare, aiken yara ɗakin samari, makarantar da babu mai sa ido, da cunkoson sansanin 'yan gudun hijira, duk tsaguwar bango ce. Mafi yawan masu laifin kuwa mutane ne da yaron ya sani.

Shi ya sa masanan ke gargaɗi kan sulhun bayan gida. Duk wanda aka rufa wa asiri, an koya masa cewa babu abin da zai biyo baya.

Hanyar shiga aikin

Ana farawa da digirin shekara huɗu a fannin halayyar ɗan Adam, wanda Jami'ar Nsukka ta fara buɗe wa sashe a 1964, kuma ana koyar da shi a Jami'ar Jos da ta jihar Binuwai a Makurdi. Daga nan sai digiri na biyu, da horo ƙarƙashin ƙwararru a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Sakkwato. Wuraren aiki sun haɗa da gidajen gyaran hali, da ma'aikatun mata, da cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013, da Salama a Kaduna, da Waraka a Kano. Aiki ne mai nauyi a zuciya, shi ya sa mai yin sa ma yake buƙatar wanda zai riƙa sauraronsa.

Kafin ƙwararrun su wadata, akwai abin da iyaye za su iya. A garzaya da yaron asibiti, irin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jalingo, cikin awa 72, domin a cikin wannan wa'adi ne maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV ke aiki. Kada a yi masa wanka ko a wanke tufafinsa kafin likita ya duba. A saurare shi cikin natsuwa, a rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, a shaida masa cewa laifin ba nasa ba ne, sannan a bar sauran tambayoyin ga wanda ya san yadda ake yin su.